Lamba Tara a Jadawali

Shekara goma sha tara tana shirya jadawalin zaman majalisa, har 'yan ofis suka laƙaba mata Uwar Takardu. Ba ta bugun ƙasa, amma in ta dubi tulin fayil a teburinta, ta dubi kalanda, sai ta gaya maka ƙudirin da zai zama doka da wanda zai mutu a layi. Duk abin da bai wuce ba kafin ƙarfe shida na ranar rufe majalisa ya bi ruwa, sai bayan zaɓe a sake shi daga farko.

Bana ƙudiri sittin da uku ne suka taru a rana ɗaya. 'Yan majalisar kuwa, Allah ya shirye su, wata huɗu suka kwashe suna yawon buɗe taro, sai da aski ya zo gaban goshi suka tuna suna da aiki.

Guda ɗaya ne ya tsaya mata a rai: wanda zai ba hukuma ikon duba tsofaffin benaye, ta tilasta wa masu su gyara ko su nema wa 'yan haya wani wuri. Autarta na zaune a hawa na huɗu na irin wannan bene, da mijinta da jaririya. Bango ya tsage daga taga har ƙasa, yatsu huɗu na shiga. Mai gidan ya ce babu dokar da ta ɗaure shi, kuma abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Ƙudirin yana shafin ƙarshe, inda ake jera waɗanda kwamiti ya amince da su ba gardama. Lamba hamsin da takwas. Ita kuwa ba ta taɓa ganin an wuce talatin a ranar rufewa ba.

Da safe ta shiga wurin mai buga takardu, tsohuwar ƙawarta, ta tura ƙofa.

"Ki musanya min lamba hamsin da takwas da lamba tara."

Mai bugu ta cire tabarau. "Yaya, ke da kanki? Ke da kika yi sati ba kya gaishe ni a kan waƙafi ɗaya?"

"Buga kawai. In an tambaya, ki ce ni ce."

"To, Allah ya rufa asiri."

Ba wanda ya tambaya. Wa ke da lokacin karanta jadawali? Kafin azahar an wuce bakwai, har ta fara jin iska na shiga ƙirjinta. Sai aka zo na takwas, batun sake shata iyakokin mazaɓu, wato abin da ya taɓa kujerunsu. Nan fa bakin kowa ya buɗe. Waɗanda ba a ji muryarsu ba shekara huɗu suka miƙe suna dukan tebur. Tana zaune a ƙasan kujerar kakaki, alƙalami a hannu, tana kallon agogon bango yana cin rana. Ƙarfe uku. Huɗu da rabi. Tsoro ya kama ta sosai.

Shida saura kwata shugaban masu rinjaye ya miƙe. "Mai girma kakaki, lokaci ya ƙure. Shafin ƙarshe babu gardama a kansa. Ina roƙon a amince da shi gaba ɗaya, a dunƙule, kada a ce mun tashi hannu rabbana."

Ba a taɓa yin haka ba. Zauren ya amsa da murya ɗaya.

Akawu irinta ba shi da bakin magana a zaure sai abin da aka ce ya karanta. In ma ta tona kanta, jadawalin duka ya lalace. Don haka ita ce ta tashi ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, har ta zo hamsin da takwas: ƙudirin canza launin lambar motocin haya, wanda da shi ne na tara kafin ta musanya. Ya zama doka. Kakaki ya buga guduma, aka hau tafi, na tara ko kiransa ba a yi ba.

Tana fitowa baranda wayarta ta yi ƙara.

"Umma, an yi?" in ji Auta.

"Sai bayan zaɓe."

"Wata bakwai ke nan fa." Sai Auta ta ƙara da cewa, "Umma, ƙofar ɗakinmu ta ƙi rufuwa tun la'asar. Da safe lafiya lau take. Baban yarinya ya ce wai katakon ne ya kumbura."

"Ɗauki yarinyar ki sauko. Kada ki tsaya ɗaukar komai."

"Yanzu ta samu barci, Umma, bari ta..."

"Na ce ki sauko!"

Ta riƙe wayar a kunne tana ƙirga takun Auta a matakala, hawa bayan hawa, har ta ji hayaniyar titi. A benen akwai sauran iyalai ashirin da uku, kuma ba ta da lambar ko ɗaya daga cikinsu.