Tuta a Bangon Littafin Haifa

Abduljalil ɗan Zariya ne, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti a Jidda. Mutumin kirki ne, sai dai yana da saurin ɗaukar aikin da ba a aike shi ba.

A asibitin akwai wata nas daga ƙasar Folan mai suna Melaniya. Wata rana suna shan shayi ta nuna masa hoton tsohon littafin koyon karatu na kakarta. Ta ce su Lemko ne, 'yan tsirarun mutanen kan tsaunuka, kuma tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu kowa ya yi ta buga musu littattafai, wannan ya ce su 'yan Yukren ne, wancan ya ce Rashawa ne. Kakarta ta watsar da duka ta riƙe guda ɗaya, wanda ya yi mata magana da harshen gidansu. Abduljalil ya yi ta gyaɗa kai, amma rabin labarin ya ɗauka.

Duk Juma'a a unguwar Hindawiyya yake cin abincin rana, gidan Hajja Mastura, wadda ta riƙe shi kamar ɗa. A Jidda aka haife ta. Kakanta ya zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa, bai koma ba. Babban abin da ke damunta shi ne jikarta Haifa, da ke jin Hausa amma take mayarwa da Larabci. Da ƙyar Abduljalil ya lallaɓa yarinyar har ta fara ce masa “Kawu, ina wuni.” A ranar, Hajja sai da ta share hawaye.

Sai ya ƙudurta yi wa Haifa littafi. Hajja ta yi ta faɗo masa kalmomin kicin ɗinta da waƙoƙin reno, yana rubutawa. Ya kai wani shagon ɗab'i a unguwar Bagdadiyya. A bangon kuwa, ba tare da ya shawarci kowa ba, ya sa tuta kore-fari-kore, ya rubuta da Hausa da Larabci: Mu 'Yan Najeriya Ne.

Haifa, don murna, ta tafi da shi makaranta. Ƙawayenta suka karanta bangon, suka shiga tambayarta yaushe iƙamarta, wato takardar izinin zaman baƙi, za ta ƙare, waye kafilin da ya tsaya wa babanta. Yarinyar da ita da iyayenta duk 'yan ƙasa ne! Da kuka ta dawo gida.

Juma'ar da ta biyo baya Hajja ta ciyar da shi kamar kullum, ta bari sai da ya wanke hannu. Sannan ta miƙo masa bangon, an yanke shi tsaf da almakashi.

“Ya waladi, ɗana, abin da ke cikin littafin namu ne, mun gode. Wannan kuma naka ne. Lokacin da kakana ya baro gida ba a ɗinka tutar nan ba.”

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. A lokacin ne ragowar labarin Melaniya ta faɗo masa. Shi ma ya zo daga waje ya buga wa mutane ko su waye.

Yana sa takalmi Haifa ta fito. Ya yi ƙarfin hali ya ce mata, “Haifa, ina wuni?”

Ta tsaya, ta dube shi da ladabi, ta amsa masa da Larabci.