Sunan Ƴar Fari

"Tallafe mani kanta, Hussaina," in ji Inde. "Kunun zuba yake."

Hussaina ta taso daga bakin ƙofa ta tallafi kan da hannu biyu, amma fuskarta na kallon bango, kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani a tasha. Wadda ke kwancen kuwa ƴarta ce ta cikinta, Sakina, ƴar farinta. Inde maƙwabciya ce kawai, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Madarunfa, amma duk baƙon da ya leƙo ɗakin nan sai ya rantse ita ce uwar.

Sakina ta kurɓi kunun kaɗan ta kau da kai. Ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, har zanen da aka rufe su da shi ya yi tudu. Inde ba ta son kallonsu. Ta san ƙafafun nan tun suna ƴan sirara, suna bin ƙwallon tsumma cikin yara maza a yashin bakin tafki, ita kuma tana fitowa da ludayi tana koro ta gida.

"Ke, ki ƙara ko kaɗan," Hussaina ta faɗa wa bango.

Ke. Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar suna, iyakar abin da uwarta ke kiranta da shi ke nan. In za ta yi maganarta da wani, sai ta ce "yarinyar nan" ko "waccan". Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Kunyar ɗan fari ce: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ya dame ta a gaban mutane. Matan yanzu da yawa sun sassauta. Hussaina dai a ƙauyen Gabi aka raine ta, hannun kakar da ba ta san sassauci ba, kuma ta riƙe abin da aka koya mata gam.

Saboda haka Inde ce ta sha sunan. Ita ta riƙa kwala shi ta kan katanga, ita ta yi wa yarinyar kitso ranar da wata ƙungiyar ƙwallon mata ta Maradi ta ɗauke ta daga kwaleji, ita ta raka ta tasha da ƙullin ƙuli-ƙuli lokacin da wata ƙungiya ta birnin Yamai ta kira ta. Daga baya har rigar ƙungiyar ƙasa Sakina ta sa, ta yi shekaru tana buga wa wata ƙungiya a ƙasar Larabawa ana biyanta albashi, a kan abin da Inde ta sha dukanta dominsa. Inde ba ta taɓa gane wasan ba, kuma ba ta ɓoyewa.

"Wai ke ba ki cin ƙwallon ne?" ta tambaye ta wata shekara da ta zo hutu. "Kullum sunan wasu nike ji."

"Miliye nike bugawa, Inna Inde. Tsakiya. Ni ka amsar ƙwallo in raba ma kowa, su su ci."

"Ashe mai rabon tuwo ce ke! A yi ta cika ciki, ke ki tashi da ƙanzo."

Sakina ta yi dariya har da riƙe ciki. Lokacin gwiwarta ta riga ta fara ciwo, tana haɗiyar ƙwayar kashe zafi kafin kowane wasa don kada a ajiye ta a benci a sa wata. Gwiwar ce ta raba ta da fili. Ƙwayar kuma, in ji likitocin Maradi, ita ta cinye mata ƙoda. An yi ta kai ta wankin ƙoda har jikin ya daina ɗauka, sai ƙanenta Abdul Aziz, mai aiki a garin Ɗan Issa, ya ɗauko mota ya maido ta ɗakin da aka haife ta.

Da Hussaina ta fita da kwanon kunun, Sakina ta laluɓo hannun Inde.

"Inna Inde, in tambaye ki wani abu, kar ki yi mani dariya."

"Ina na ga bakin dariya, ɗiyata?"

"A Yamai na ji hili guda shina kiran sunana. Larabawa ma sun kira shi, da irin bakinsu. Amma ban taɓa jin shi bakin Inna ba." Ta numfasa, numfashin na fita da ƙyar. "So nike in ji yadda take hwaɗinai. Sau guda."

Zuciyar Inde ta karye. Ta shiga kame-kame, ta ba ta labarin ranar da Abdul Aziz ya kunna wasanta a waya a tsakar gida, maƙwabta suka taru a kansa, Hussaina kuwa ta ɗauki tsintsiya ta yi ta sharar bayansu, wuri ɗaya, tun da aka fara har aka tashi.

"Ƙasar wurin har rami ta yi. Ba ki gani? Tana ji da ke."

Sakina ta yi ɗan murmushi. "Na sani. Shara dai ba suna ba ce."

Inde ta iske Hussaina a madafa tana hura wutar da ta riga ta kama. Ta tsaya a kanta ta faɗa mata abin da ƴarta ta roƙa, ba tare da kwana-kwana ba, don Inde ba ta iya lallashi ba ko da tana yarinya.

Hussaina ba ta ɗago ba. "Yaya Inde, ke ma kin san abin da ake yi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan yayana ba. Mutane su ce mi?"

"Waɗanne mutane? Daga ke sai ni cikin ɗakin. In ni ce, sai in toshe kunnena."

"Bakina bai saba ba."

"To shi saba yau. Hussaina, ki dubi Allah. Yarinyar ga ba ta roƙi ki kai ta Makka ba."

Hussaina ta ci gaba da tura icce. Hayaƙi ya sa idonta ja, ko kuma ba hayaƙin ba ne. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"In na kira shi, na yarda ke nan tahiya za ta yi."

Inde ta dube ta. Ta zo da faɗa cike da baki, sai ta tarar da tsoro tsagwaronsa, kuma ba ta san yadda ake faɗa da tsoro ba. Ta ce kawai, "Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, lokaci ba shi jiranki." Ta koma ɗaki.

Kwanaki suka ɗan ja. Kullum Inde na zuba ido, kullum Hussaina na shigowa ta gyara shimfiɗa, ta goge wa ƴarta baki, ta ce, "Ke, ya jikin?" Sakina ba ta sake roƙo ba. Sai dai duk lokacin da uwar ta shigo, idonta na kan leɓɓanta har ta fita.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, bayan ruwan sama ya ɗauke, ana jin masu amalanken jaki suna wucewa gona ta bayan gida. Sakina ta daina gane mutane. Tana ta juya kai dama da hagu, irin waiwayen da ta ce ɗan tsakiya yake yi kafin ƙwallo ta iso shi, tana kiran abokiyar wasanta ta Yamai.

"Samira, ba ni. Ina nan. Ba kowa bayana."

Inde ta durƙusa wajen kunnenta tana maimaita mata kalmar shahada. Can sai idon ya washe, ya zagaya ɗakin, ya tsaya kan Hussaina. Inde ta damƙi zanen uwar ta jawo ta ƙasa.

"Yanzu," ta ce.

Hussaina ta durƙusa. Ta ɗora hannu a goshin ƴarta, abin da Inde ba ta taɓa ganin ta yi ba. Leɓɓanta suka motsa. Inde ta sunkuyar da kai ta rufe ido, don ta rage mata nauyi.

"Ke... yarinya..." Hussaina ta miƙe. "Bakinta ya bushe. Bari in ɗebo mata ruwa."

Ta fice kafin Inde ta riƙe ta. Daga ɗaki ana jin moɗa na bugun bakin randa, aka ɗiba, aka mayar, aka sake ɗiba. Idon Sakina na kan ƙofa. Inde ta ci gaba da shahada, hawaye na sauka mata a haɓa, tana jin haushin da ba ta san wa za ta ɗora wa ba.

Da Hussaina ta ɗaga labule, Inde ta riga ta shafe idon ta ja zane. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa da moɗa cike a hannu. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta durƙusa ta ajiye ruwan a hankali, ko ɗigo bai zube ba.

Inde ce ta yi wankan, da wasu mata biyu na unguwa. Bayan azahar maza suka ɗauke ta. Washegari ƴan ƙwallon suka iso daga Yamai, dogaye, cikin hijabai da ba su zauna masu daidai ba. Samira ta shigo tana tambaya, "Ina maman Sakina?" Ta nufi Inde kai tsaye, don ita ce idonta ya kumbura. Inde ta nuna mata Hussaina da haɓa. Hussaina ta karɓi gaisuwa da "Allah shi ba da lada," fuskarta a bushe. Tsofaffin da ke zaune suka yi ta yaba ta a hankali: ga mace mai kunya, ga mai dauriya, irinsu sun ƙare. Inde ta tashi ta bar masu tabarmar, don ta san halin bakinta.

Aka share makoki, baƙi suka watse, Abdul Aziz ya koma Ɗan Issa. Inde ta rage shiga gidan. In sun haɗu a ƙofa, gaisuwa ce ta fatar baki, kowa ta wuce.

Wata la'asar tana ba akuyarta harawa a gindin katanga, sai ta ji daka daga gidan Hussaina. Ba kowa a gidan sai ita. Taɓarya na sauka a hankali, da nisa tsakanin bugu da bugu, kuma tare da kowane bugu akwai wata ƴar murya, irin nishin da masu daka ke yi. Inde ta kasa kunne.

"Sakina." Taɓarya ta sauka. "Sakina."

A bakinta sunan ya fito wani iri, tana jan ƙarshensa, kamar mai kiran yaro ya shigo gida kafin magariba. Inde ba ta leƙa ba. Ta zame ta zauna a ƙasa mai damshi, ta jingina bayanta da katangar, ta riƙe bakin akuyar don kada ta yi kuka.