Ɗanjuma Ya Ɗauko Gurnani a Baki

Badaru mai gyaran rediyo da ɗaukar murya ya kwance ƙusar ƙarshe, ya ciro taransifomar daga cikin amfilifayar yana rawar kafaɗa. Wannan dunƙulen ƙarfen ne ya sa gidan rediyo a Kano ya dawo da kaset ɗin Ɗanjuma mai garaya, wai gurnani ya fi waƙar yawa. Sun ce a sake ɗauka, in kuwa motar azahar ta bar Birnin Kudu babu kaset, wani mawaƙin za a ba filin.

Ya ƙara mata doguwar waya, ya kai ta can zaure, ya ɗora ta kan guntun taya. Ya kafa rodi a ƙasa, ya kwara masa ruwa, ya ɗaura wata wayar a jikinsa. Da ya koma ɗakin ɗaukar murya ya kunna, sai tsit. Daɗi ya kama shi, har ya yi juyi da ƙafa ɗaya.

"Bismillah, Ɗanjuma."

Ɗanjuma, mutumin Basirka ta ƙasar Gwaram, ya rungumi garaya, ya buɗe baki, ya rufe.

"Ina abin nan?"

"Wane abu?"

"Mai yi mini mmm ɗin nan. Ai a kansa nake ɗaure tsirkiya, a kansa nake ɗora murya."

Ashe tun da ya fara zuwa ɗakin, da gurnanin yake saita waƙarsa. Ya gwada haka nan, murya ta bi gabas, garaya ta bi yamma. Dariya ta ci Badaru, amma da ya ga inuwa ta kusa tsayuwa sai ya ja shi zaure.

"Kara kunnenka a jikin taransifomar, ka ɗauko gurnanin a baki, ka taho."

Ɗanjuma ya kara kunne, ya kama mmm ɗinsa, ya juyo. Sai ga Talatu mai ƙosai: "Sannu da zuwa, ya mutanen Gwaram?" Ya tsaya ya amsa har da tambayar yara, gurnani ya zube.

Ya koma ya sake kamawa, kumatu a kumbure. Yana ɗagowa aka yi sallama. Alhaji Shehu ne, uban matarsa Zuwaira, ya kawo gyaran rediyo.

Ɗanjuma ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Ɗanjuma, kun zo lafiya?"

"Mmm."

"Ya Zuwaira?"

"Mmm."

Ya miƙe, ya kwasa da gudu ba takalmi.

Waƙa ta fito tas, Badaru ya kai kaset tasha direba na shirin tashi. Da ya dawo ya tarar da Ɗanjuma a bayan ƙofa, gumi na zuba.

"Alhaji yana zaure?"

"Yana nan, riƙe da takalmanka."

Ɗanjuma ya ɗaga kai ya auna tsawon katangar baya.

"Riƙe mini garayar," in ji shi.