Fijon Alu da Marsandin Tajuddeen

Tun da aka ce jirgin su Hajiya Jumai ya kusa tasowa daga Jidda, 'ya'yanta biyu suka hana mu sakat a Rano. A gidansu, motar da ta ɗauko mahajjaci ita ke jan gaba har ƙofar zaure, sauran su biyo baya da jakunkuna. Tajuddeen, babban, yana da tsohuwar Marsandi. Alu, ƙanensa, yana da Fijo 504 doguwa wadda yake jigilar albasa da ita daga Tarai. Duka biyun sun girmi matan masu su, amma kar ka kuskura ka faɗa.

Alu abokina ne, na san abin da ke cinsa. Tun da ya sayi motar, uwarsa ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba. Biki ko asibiti, Tajuddeen ake kira. Shi sai in za a kai buhu niƙa.

"Fulogi shida ne da ni," in ji Tajuddeen a wurin mai shayi. "Kai huɗu, ɗaya ma tari yake."

"Yaya, shidan nan mai suke sha kamar raƙumi. Tawa ko ruwan rijiya ta sansana sai ta tashi."

"Na taka ɗari da sittin a hanyar Zariya."

"A gangare. Ka shiga hanyar Zurgu da damina mu gani."

Da aka zo batun girman mota, Alu ya yi ta bugun ƙirji da kujeru layi uku. Tajuddeen ya ce faɗi ake dubawa, tunda Hajiya ba buhu ba ce da za a jera ta a tsaye. Ranar sai da mai shayi ya kore mu.

Ranar da jirgin ya sauka muka je sansanin alhazai a Kano, motocin na jere. Hajiya ta fito da haƙorin Makka yana walƙiya, aka yi ta rungume-rungume. Tajuddeen ya buɗe mata ƙofa har da rusunawa. Ta dubi Marsandi, ta dubi Fijo, ta ce, "Ta Alu zan shiga."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Alu ya zagaya motar ya rasa ƙofar da zai buɗe. Ya loda wa yayansa jakunkuna da jarkar zamzam da hannunsa, yana cewa, "A hankali, Yaya, kar fulogi shida su gaji."

Muka kama hanya, Hajiya a gaba, ni a baya. Alu na tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, yana duba madubi don ya ga Marsandi a bayansa. Kafin Bunkure ya kasa haƙuri.

"Inna, kin ji injin? Shiru ko?"

"Na ji," ta ce, ta dafe ƙirji. "Sauke min gilashin nan. Tun a jirgi cikina ke juyawa, na san ba zan kai gida ban yi amai ba. Shi ya sa na ce ba zan ɓata wa yayanka kujerun fatarsa ba. Taka ko an saba."

Alu ya miƙa hannu ta gabanta ya murɗa mata gilashin. Har muka shiga Rano, yara na bin mu da ihun Hajiya ta dawo, bai danna hon ko sau ɗaya ba.