'Yan Tsaki Shida a Akurkin Baba Kafinta

Na tura hannu cikin akurkin ke nan kazar ta kai mini sara a bayan hannu, har jini ya tsattsafo. Ɗan tsakon da nake riƙe da shi ya suɓuce ya faɗa gabanta, ita kuwa ba ta yi wata-wata ba ta bi shi da baki. Ga tocila a bakina, ga kwali a hammata, na rasa wanda zan fara ceta.

"Kashe fitilar nan," aka ce daga bayana.

Baba Kafinta ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango yana haki. Ni kuwa na ɗauka yana ciki kwance, don tun da rana ta faɗi na ji ya ja labule.

"Baba, dama ruwa na zo zuba mata."

"Ruwan ne yake kuka a kwali? Kashe, na ce. Ki ciro wanda ta sara."

Shekara goma sha ɗaya muna gidan haya ɗaya da shi. Ɗakina da keken ɗinkina suna wannan gefe, nasa yana wancan, igiyar shanya a tsakani. Tun da ƙarfinsa ya ƙare ya ajiye zarto, abin da ya rage masa shi ne fensir a bayan kunne, da gadon katakon da ya ƙera wa matarsa kafin ta rasu, da wata jar kaza mai baƙin hali. Mai Keke yake kirana. Faɗanmu ba ya wuce na kaji, domin ni dai ban ga dalilin da zai sa in shanya yadin mutane kaza ta zo ta sa masa hannu ba.

A bana ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. 'Yarsa, wadda take koyarwa a wani gari, ta zo ta kai shi wurin likita, likita ya ce sai an kwantar da shi. Baba ya ce ya ji, amma kazarsa ta hau kwanci a kan ƙwai bakwai, ba inda za shi sai ta ƙyanƙyashe. 'Yar ta yi kuka, ta yi lallashi, ta yi fushi, ya ce kwana ashirin da ɗaya ne kawai. Kullum da safe sai ya zare fensir ya ja layi ɗaya a jikin katakon ƙofarsa.

Layi ashirin da ɗaya ya cika, shiru. Ashirin da biyar, shiru. Ni na san ba abin da zai fito, domin zakara ɗaya ne a gidan, wani fari, nawa ne, kuma wata biyu kafin kwancin na sa aka yanka shi saboda ya ɓata mini lesin wata amarya. Kazar Baba ba ta fita waje. Ƙwan nan duk baragurbi ne, na kuma ɗauka tsufa ne ya sa ya manta. Na kasa gaya masa. Kunya ta hana ni, ga kuma tsoron bakinsa.

Ran kwana ashirin da tara 'yar ta kira ni a waya tana kuka.

"Yaya, ki taimake ni. Jiya da muna magana sai ya tsaya sau uku kafin ya ƙarasa gaisuwa. In kazar ce matsalar, ki sayo 'yan tsaki ki zuba mata, ya tashi ya ga ta ƙyanƙyashe. Gobe da safe zan zo da mota."

Abin da ya kai ni akurki ke nan da duhun magariba, kamar ɓarauniya, da 'yan tsakin inji bakwai a kwalin sabulu.

Na kashe tocilar, na lalubo wanda aka sara. Baba ya miƙo hannu, na sa masa. Ya shafa shi da babban yatsa, ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa.

"Jawo mini kujera. Ke ɗinki kika iya, wannan ba aikinki ba ne."

Na jawo. Ya daɗe kafin ya zauna daidai, ina jin ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen katako.

"Wa ya ce miki ana haska wa kaza mai kwanci fitila? Ta gan shi da idonta ya shigo ta ƙofa, ta yaya za ta ce nata ne? Ajiye kwalin a gefen akurkin, ta fara jin kukansu tukuna."

Na ajiye. Muka kasa kunne. 'Yan tsakin suna ta tsuwa a kwali, maƙwabta suna ta hidimarsu a bayan katanga. Can sai kazar ta yi wani ƙaramin gurnani daga maƙogwaro, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba.

"Kin ji? Ta amsa. To ɗauki ɗaya, ki rufe shi a tafin hannu, bayan hannunki a sama, in za ta sara ke za ta sara. Ta baya za ki bi, ƙarƙashin fiffike. Ki sake shi, ki ciro ƙwai ɗaya."

Na yi yadda ya ce. Da hannuna ya shiga ƙarƙashinta sai na lalubi jikinta. Ƙirjinta ba gashi, zafi rau, kuma ƙashi ne zalla. Kazar da a da sai na sa tsintsiya nake korarta ta koma kamar tsumma.

"Baba, ta rame."

"Ta ƙare dai. Kwana nawa rabon da ta ci abin kirki? Sa na biyu."

Ina sa ɗaya ina ciro ƙwai, yana karɓa yana jerawa a cinyarsa. Da muka kai na huɗu na kasa daurewa.

"Baba, ka yafe mini. Ƙwan nan ba za su taɓa fashewa ba. Zakaran nan da na yanka..."

"Mai Keke, ni na riƙe miki ƙafafunsa aka yanka. Har kika aiko mini da cinya."

Wallahi na manta. Na tsuguna a wurin da ɗan tsako a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"To ka sani, Baba? Tun farko?"

"Ni na jera mata su." Ya tsaya ya ja numfashi. "Matata a asibiti ta cika. Suka ce lokacin ziyara ya wuce, in dawo da safe. Na dawo na tarar har sun canja zanen gado. Ni a kan gadona nake so in cika. Na yi lissafin kwana ashirin da ɗaya zai ishe ni, sai ga shi na fi kazar taurin kai."

"To in kwashe su in mayar. In ce mata kazar ta ƙi."

"Ki mayar, ita kuma wannan ta mutu a kan ƙwai saboda ni? Shekaranjiya na ɗaga ta, ta kasa tsayuwa. Ban da ƙafar zuwa kasuwa, da ni zan sayo su. Sa na biyar."

Na sa na biyar, na sa na shida, hawaye yana zuba mini. Ya ce in ciro ƙwan ƙarshe ma, kada ta tsaya jiransa. Kazar ta gyara zama, ta buɗe fukafukai, kukan 'yan tsakin ya yi ƙasa har ya ɗauke.

Da gari ya waye na same shi a kujerar, wai ya fi jin daɗin numfashi a zaune. Na aljihun bai kwana ba, ya naɗe shi a hankici ya ce in binne a gindin katanga. Kazar kuwa ta fito tana tangaɗi, ta sa baki a dusa, ta kira, shida suka biyo ta.

'Yar ta iso da tasi wajen ƙarfe tara. Ta leƙa ta ga 'yan tsaki, ta yi shewar da ko ni ban yarda da ita ba.

"Baba, ka gani, ta ƙyanƙyashe!"

"Na gani," ya ce. "Farare tas, kamar ubansu. Ɗauko mini takalmi."

Bai yi gardama ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya zare fensir ya ja layi na talatin, sannan ya juya ya dubi gadon. Direba ya kama shi ta hagu, na kama ta dama. A bakin mota ya ce da ni, "Ruwansu a murfin kwalba, kada ki sa a kwano su nutse. Ki kula da shaho."

Sau ɗaya na samu na gan shi. Ɗaki ne mai gado takwas, nasa na ƙarfe yana fuskantar bango, an sa masa roba a hanci. Ya tambaye ni ko shidan suna nan, na ce suna nan. Ya ce gadon nan ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, da da guntun katako da ya gyara musu. Ana cikin haka wata ma'aikaciya ta zo ta ce lokaci ya yi, masu ziyara su fita.

A rana ta biyar ya cika, da hantsi. 'Yar ta sauka karɓo magani, ta tarar da layi. Da ta hau an riga an ja labule.

Har yau ban gaya mata abin da ya faɗa mini a bakin akurki ba. Tana ta gode mini, wai ba don ni ba da bai samu kulawar likita ba, ni kuwa duk godiyar da ta yi sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Ni na kawo kwalin nan gidan.

Bayan mako guda ta zo kwashe kayansa. Gadon ya ƙi fita ta ƙofa, domin a cikin ɗakin ya harhaɗa shi, ta ce a bar shi sai an samo kafinta. Ta tafi neman igiya ta bar ƙofar a buɗe. Ina kan keke na ga kazar ta tsallaka dokin ƙofa, ta wuce ƙarƙashin layukan fensir, shidan suna tuntuɓe a bayanta. Na ɗauki tsintsiya na bi ta, sai na tsaya. Ta shige ƙarƙashin gadon, ta kwanta a inuwa ta buɗe fukafukai, suka shige ɗaya bayan ɗaya, har ba a ganin komai sai wani ɗan farin kai da ya leƙo ta gefen wuyanta.