Hoton da Ba Na Halliru Ba

…kuma har yanzu ina duba wayar nan. Na ajiye wayar bisa turmi, na sake ɗauka. Me kuma nake nema? Ya riga ya kira. Halliru ya kira. Da kunnena na ji shi, har da faɗa, wai me ya sa muke son mu binne shi da ransa. Yayana ke nan.

Malama Lubabatu, da kina nan da na durƙusa miki. Wallahi a tsakar gidan nan, gaban matan da suka shigo gaisuwar mutuwa suka ɓige da shan fura suna dariya.

Ke da na tsana. To, ba tsana ba ce… tsoro ne. Ina aji ɗaya a sashen koyon aikin jarida, ko hanyar ɗakin karatu ban gama sani ba, kika ɗaga labarina na farko gaban kowa kina karantawa: an ce, an ce, an ce. "Na'ima, wane ne An Ce? Ina gidansu? Ba ni lambarsa in kira shi." Aji ya kwashe da dariya. Na kira Halliru ina kuka, na ce gida zan dawo. Ya ce in dawo mana, ga albasa nan jibge tana jiran mai tsincewa. Shi da ya tsaya gaban Kawu Attahiru ya ce yarinyar nan sai ta yi karatunta — shi da ya ɗora akwatina a babbar motarsa har Sakkwato, na shiga jami'a ina warin albasa…

Kawun ne ya faɗo gidan ɗazu bayan azahar. Ko sallama bai ƙarasa ba. Ya miƙa wa Inna waya. Babbar mota kife a gefen titi, buhuna warwatse, mutane kwance an rufe su da tabarmi. A ƙasa an rubuta: hanyar Ƙonni, yau, babu wanda ya fita. Motar ja da fari. Ta Halliru ja da fari ce. Jiya ya tsallaka iyaka da kaya. Wayarsa a kashe.

Inna ba ta yi kuka ba. Zama ta yi, nan inda take tsaye, a ƙasa, da ludayi a hannunta.

Ni ma na yarda. In ce ban yarda ba? Maƙwabta na shigowa, wata ta shimfiɗa tabarma, a zaure ana maganar wanda za a aika garin Araba ya sanar da dangin Baba… sai muryarki a raina. Ba ta lallashi ba, waccan dai mai kaifin. Wa ya gani da idonsa?

Na tambayi Kawu. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce yanzu ne lokacin boko? Amma ya faɗa: Mukhtari mai faci ne ya turo masa. Na kira Mukhtari — shi ma turo masa aka yi, wani ne daga Tozai. Na Tozai ya ce a zauren direbobi na waya ya gani. Kowa turo masa aka yi. Babu ko mutum ɗaya da ya taka titin nan da ƙafarsa.

Ku dubi hoton, ba tsoronku ba. Haka kike cewa, ko? Na buɗe shi da yatsu biyu. Ciyawa. Koriya shar a bakin titi, ƙasa jiƙe. A wannan bazarar? Da ko akuya ba ta samun abin lasa daga nan har Ƙonni? Can baya kuma itatuwan kwakwa. Ina muka samu kwakwa?

Na sa shi a manhajar binciken hoto, wadda kika tilasta mana koya muna gunaguni. Layin wayar nan namu na rarrafe, yana ƙwacewa ya koma na Nijar in ya ga dama… ya Allah, ya Allah… ya fito. Tsohon hoto ne. Shekarun baya, wata ƙasa can kudu, labarin ma da Faransanci.

Na tsuguna gaban Inna. "Mi kig gani?" Na ce mata hoton ba na Halliru ba ne. Ta damƙe hannuna. "To yana da rai ke nan?"

Malama, nan ne na fi jin nauyinki. Bakina na so ya ce eh, eh Inna, yana nan lafiya. Wa zai zarge ni? Amma ke kika ce mutum ya faɗi abin da ya sani, ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Na ce ban sani ba, Inna. Abin da na sani, wannan motar ba tasa ba ce. Ta saki hannuna. Sannan ta juya ta ce a naɗe tabarmar nan, ba a yi mata mutuwa ba tukuna.

Da wannan ɗan abin muka zauna. Ba yawa, amma ya riƙe mu… har la'asar, har baƙuwar lamba ta shigo, ta Nijar. Halliru ne. Taya ce ta fashe masa, caji ya ƙare, wayar wani mai shayi ya ara. Inna ta kai goshinta ƙasa, ba ta ko nemi dardumar salla ba.

Alhamdu lillahi. Na faɗa, na sake faɗa, bai ishe ni ba. Ga Kawu can a zaure ina jiyo shi, wai ɗiyarmu ce ta gano. Shi da ya ce aikin jarida tsegumi ne mai takardar shaida. Bar shi ya faɗa. Yau kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

In na koma makaranta zan zo ofishinki. Me zan ce? Za ki ɗago kai ta saman tabarau ki ce in taƙaita. Na gode, Malama. Na gode da dariyar da kika sa aka yi mini. Haka ake faɗa?

Wayar ta yi ƙara kuma. Hoton ne. Shi dai, amma yanzu an rubuta hanyar Gwadabawa. Wani gidan zai shiga ke nan — wata uwar… dole in rubuta, in tura wa masu yaɗa shi tsohon labarin, yanzu…

Akwai ƙafa a nan. Ɗazu ban lura ba, ciyawa nake dubawa. Ta leƙo daga ƙarƙashin tabarma, da silifa shuɗi, ɗaya. Ba ta Halliru ba ce.

Amma ai ta wani ce. Rubutun ne ƙarya, motar ta kife da gaske. A can ma an shigo wa wata da labari tana tsakiyar girki, ta zauna a ƙasa, kuma babu baƙuwar lambar da ta kira…

Ko sunansa ban duba ba.