Lambar Direba Ta Sauka

Mai aski yana tsakiyar gyara wa maƙwabcinsa Direba gemu a kan gado sai waya ta yi ƙara. Matar Direba ta ɗora ta a kan matashi, ta kunna lasifikarta.

"Umma, an karɓo sakamakon? Lambar nawa ta nuna?"

Injiniya ne, babban ɗansu, daga garin da yake aiki. Tun da aka gano ciwon daji a hantar ubansa, ya samu sabon ɗan'uwa: wani sinadarin furotin da irin wannan ƙari yakan zuba a jini, ake auna yawansa. Shi yake fara gaisarwa duk lokacin da ya kira.

"Ta sauka," in ji uwar.

"Ban gaya muku ba? To, zuwan nan sai ƙarshen wata."

"Likita fa ya ce kada a dogara da ita. Ya ce wani ƙarin ba ya zuba sinadarin sosai, kuma hoto ya nuna ciwon ya yaɗu. Ya ce mai son ganinsa ya zo."

"Haba Umma! Na karanta abin nan fiye da yadda kike zato."

Direba ya ɗaga yatsa, mai aski ya janye aska. Fatar kumatunsa ta saki, idanun sun yi rawaya, cikin ya kumbura ƙarƙashin zane.

"Injiniya," ya ce a hankali, "lambar tana amsawa. Ni ma ina nan, in kana da saƙo."

Ɗan ya yi dariya. "Baba ke nan! Mai barkwanci haka ai ya warke."

Da rana mai aski ya kira Injiniya daga shago.

"Ɗana, yau ubanka bai iya riƙe kofi ba. Ka bar aikin nan ka taho."

"Kawu, da aska ka auna jinin nasa?"

Mai aski ya kashe wayar, ya ce wa mutumin da ke kan kujera ya sunkuyar da kai.

Ranar Talata da hantsi Direba ya cika. Matarsa ta ce har ƙarshe, duk motar da ta tsaya a layin sai ya juyo da fuska wajen ƙofa.

Injiniya ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, takalminsa fes. Ya zauna a tabarmar ƙofar gida, yana nuna wa masu gaisuwa zanen hawa da saukar lambar a wayarsa.

"Ku duba da idonku, sauka take yi. Wannan sakacin asibiti ne. Kawu, kai shaida ne."

"Aska na sani," in ji mai aski.

Ya sa takalmansa, ya tsallaka titi. Daga bakin shago ya hangi matar Direba tana shanya katifa a kan katanga. Gurbin da jikin ya yi a tsakiyarta bai cike ba tukuna.